Hancin da Mairo Ta Ja

Duk wanda aka haifa a layinmu na Madain Fahd cikin shekara arba'in ɗin nan, mahaifiyata Mairo ta taɓa hancinsa tun bai san kansa ba. A Jidda aka haife ta. Iyayenta sun taso daga ƙasar Damagaram a ƙafa, suka shekara bakwai a hanya, suka sauke farali, komawa kuma ta gagara. Abu biyu ta gada wajen uwarta: wankan jarirai da haɗa turaren wuta. Ni Wafa', 'yarta ta biyu, ban gaji ko ɗaya ba. Tun ina ƙarama ta ce hancina na shaƙar iska ne kurum, kuma ba ta yi mini ƙarya ba.

In an sallamo mai jego daga asibiti, ita ake aika wa. Takan ɗora jariri a cinya, ta wanke shi tas, ta gasa masa cibiya, sannan ta dangwali man zaitun mai ɗumi ta kama karan hancinsa da yatsu biyu, ta ja a hankali daga tsakanin ido zuwa ƙasa. Kullum sau bakwai har a yi arba'in. Haka uwarta ta yi mata, haka aka yi wa uwar. In yaro ya tashi da hanci har baka, sai ta ce aikinta ne. In ya tashi da shi a baje, ta ce uwarsa ce ta yi lalaci. Ba a taɓa kayar da ita ba.

Ni kuma Allah ya kai abincina wani ƙaramin asibitin tiyata a Aziziyya, inda na shekara ashirin da biyu ina wanke kayan aiki ina dafa su. Lokacin da na fara, masu zuwa gyaran hanci mutanen da tsautsayi ya faɗa wa ne: wanda mota ta kifar, ko leburan unguwar masana'antu da ƙarfe ya doka a fuska. Wani tsohon likita Bamisire ya taɓa gaya mini cewa tun zamanin da can, a Hindiya, ana yanko fatar goshi a yi wa wanda aka datse wa hanci wani sabo. Na kawo wa Inna labarin, ta ce to wannan da dalilinsa.

Daga baya sai masu lafiya suka fara zuwa. A wancan lokacin, da 'yar guduma da ƙarfe mai kaifi ake karya ƙashin, a cusa auduga, mace ta yi mako biyu ido a kumbure ya yi baƙi, tana ɓoye a bayan niƙabi tana cewa faɗuwa ta yi a banɗaki. Aka zo zamanin kwamfuta, likita ya nuna miki hancinki na gobe tun bai taɓa ki ba. Aka kawo na'urar da ke yanka ƙashi ba tare da duka ba, aka kawo allurar da ke ɗaga karan hanci kafin shayinki ya huce. Filastar da ake jin kunyarta ta koma ado, 'yan mata suna yawo da ita a manyan shaguna. Duk a idona aka yi. Nakan zolayi Inna in ce likitocinmu sun ƙwace mata sana'a, ita kuma ta ce ai ta riga su, kuma ba ta taɓa fitar wa kowa jini ba.

Cikin jikokinta goma sha ɗaya, Mashael 'yar wana Abdallah ce ta ɗauko hancin turare. Tana shekara shida ta shigo ɗaki ta ce sandal ɗin yau ba irin na jiya ba ne, kuma gaskiyarta, an canza wa Inna a kasuwa. Daga ranar Inna ta riƙe ta. Haɗin gidanmu ba a rubuce yake ba, ba shi da ma'auni. Ana narka sukari, a zuba itace da kajiji da soyayyen farce, a riƙa diga ruwan turare ana sunsunawa har hanci ya ce ya isa. Da Inna ta haura saba'in, hancinta ya fara dushewa, sai ta koma ita ke juyawa, Mashael ke sunsunawa. Ba ta da wata magajiya, kowa a gidan ya sani.

Amma wannan hancin mai daraja a baje yake, irin na Abdallah, irin na kakanmu. Kuma kun san wasan kaka da jika. Inna ba ta gajiya.

"Kwana arba'in ina ja, ya ƙi. Zo nan, mai hanci kamar an taka tumatir."

Jikar da ta tashi a Zinder da sai ta rama, ta ce ke fa, da haƙora uku a baki, a yi dariya a tashi. Mashael tana jin Hausa sarai, amma bakinta ya fi sauri da Larabci, Sitti take ce wa Inna, wato kaka, ni kuma Ammati, wato gwaggo, kuma a Larabcin makarantarsu ba a zagin kaka. Sai ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Ba mu san cewa a makaranta ma abin da 'yan ajinsu suke kiranta da shi ke nan ba, su kuma ba da wasa ba. Har yau ina jin haushin kaina. Shekara nawa ina ganin 'yan mata suna shigowa asibitinmu da irin wannan murmushin, ban gane shi a gidanmu ba.

Tana shekara ashirin da huɗu, ta fara aiki, an sa ranarta da wani yaron kirki mai suna Raed, ta same ni a kicin.

"Ammati, ina so a yi mini amaliyya, a gyara mini hancin nan. Halas, shi ke nan, na gama shawara."

Na yi faɗa, na ce Raed da wannan hancin ya gan ta ya ce yana so. Ta ce ba don Raed ba ne. Da na ga za ta je ko da ni ko ba ni, sai na kai ta wajen likitan da na fi yarda da hannunsa. Ba zan ɗora masa laifi ba. Ya ciro guringuntsi daga haƙarƙarinta ya ɗaga karan, ya rage faɗin ƙofofin, aiki ya yi kyau. Ya gaya mata za ta yi 'yan makonni ba ta jin ƙanshi saboda kumburi, kusan kowa yakan dawo daidai. Da hannuna na dafa ƙarafan da aka yi mata aikin.

Ranar da aka cire filasta Inna ta daɗe tana kallonta. Ta ce, "Ya yi kyau," ba ta ƙara ba. Daga ranar ba ta sake yi mata wasan hanci ba, don babu abin da za ta kama.

Wata uku ana haɗa turare kamar da. Inna ta miƙa cokali, Mashael ta sunsuna ta ce a ƙara kaɗan, ko ta ce ya isa. Ashe ƙirga digo take yi a zuci, tana bin abin da ta tuna. Matan da suka saba saye suka fara cewa turaren ya canza, Inna ta ce hancinsu ne ya lalace da kayan kanti. Asirin ya tonu ana saura mako biyu biki, ranar da ake haɗa turaren amarcin Mashael ɗin kanta. Inna ta shiga sallar la'asar ta bar ta da tukunya. Na dawo daga aiki, tun daga matakala na ji ƙauri, ni da ake ce wa ba ni da hanci. Na tarar da Mashael zaune dab da murhu, ta ba shi baya tana tsince kajiji a faranti, sukari ya ƙone ƙurmus.

Inna ta fito da carbi a hannu. Ta dubi tukunya, ta dubi yarinya.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar aikin, Sitti. Kullum ina cewa gobe."

Inna ta zauna a ƙasa. Na zaci za ta yi faɗa, don ta iya. Sai ta ce, "Wa ya ce miki hancinki ba shi da kyau?"

Mashael ta sunkuyar da kai, da murmushin nan. Inna ta gane. Ban taɓa ganin mahaifiyata ta tsufa a cikin minti ɗaya ba sai ranar.

Mun zaga likitoci. An yi hoto, an ba da magani, an sa ta sunsunar lemon tsami da kanumfari safe da yamma har shekara. Suka ce ba kasafai hakan ke faruwa ba, watakila ya dawo, watakila a'a. Bai dawo ba. Inna ta gwada koya mini, na ɓata mata tukunya huɗu, ta ce in bari. Ta wanke kwalabenta ta kife su a saman kabad.

Bara Mashael ta haihu, mace. Inna ta kusa tamanin, amma ta ce babu mai wanke wannan sai ita. Na riƙe mata baho. Ta wanke ta, ta gasa cibiya, ta shafa mai. Hancin jaririyar a baje, sak na kakanmu. Wata maƙwabciya ta ce, "Yalla, maza Hajiya, a fara ja tun da wuri." Hannun Inna ya ɗagu da kansa, yatsu biyu har sun kai tsakanin ido. Sai ta tsaya. Ta goge man a zaninta, ta naɗe yarinyar, ta miƙa wa uwarta.

Mashael ta karɓe ta, ta kifa fuskarta a kan 'yar, ta ja numfashi mai tsawo, ta sake ja. Sannan ta ɗago, ta miƙa wa Inna ita.

"Sitti, kowa yana cewa jarirai suna da ƙanshi. Gaya mini nata."

Inna ta sunkuya ta sunsuna. Na san ba ta jin komai, shekara biyar ke nan ko albasa ba ta ji. Ta daɗe a sunkuye, hawayenta na sauka a kan zanin. Sannan ta juyo gare ni, ta ɗora mini jaririyar a hannu.

"Wafa'," in ji ta, "ke kaɗai kika rage mana. Sunsuna ki faɗa mata."