Agogon Tasi'u Ya Manta

Wata rana a bakin tekun Jidda, wani mai gyaran waya daga Kano ya gamu da na'urar da ta ce masa a'a.

Tasi'u sunansa. A layinsu na 'yan waya ba a taɓa kawo masa wayar da ta kulle ta kwana a kulle ba. Abin ya shiga kansa sosai, har ya ɗauka duk wani kulle na duniya jiransa yake.

Bara ya koyi nutso, irin na goya tukunyar iska a baya a shiga ƙarƙashin teku. Bana da ya gama Umra sai ya ce bari ya sake, ya samo wa mabiyansa na intanet bidiyo.

Masu nutso suna ɗaura wani agogo a hannu, 'yar kwamfuta ce. Ita ke lissafin zurfin da ka kai, da daɗewarka, da iskar da ta taru a jininka. In za ka fito sai ta ce tsaya nan minti kaza, iskar ta fita a hankali.

Da safen nan Tasi'u ya bi wani kunkuru da kyamara har ya zarce zurfin da aka ce a tsaya. Agogo ya yi ta ƙara. Da ya ga iskar tukunyarsa ta kusa ƙarewa, sai ya yo sama fuu, ko tsayuwa ɗaya bai yi ba.

Agogo ya kulle kansa. Ba nutso sai bayan kwana biyu.

Mai jirgin ruwan da ya kai su, Malam Bukari, dattijon Bahaushe ne haifaffen Jidda. Ya sa masa iskar asibiti a hanci, ya ce ya kwanta, daga nan a wuce wajen likita.

Tasi'u ya cire abin ya ajiye. Shi da ba ya jin ciwon komai?

Ya koma gefe da agogon, ya shiga can cikin saiti. Minti shida, ya goge lissafin tas. Agogo ya dawo kamar yau aka ciro shi daga kwali.

Ya miƙa shi a fuskar dattijon yana dariya.

"Malam, ga shi na buɗe. Da yamma da ni za a shiga. Ku dai kun tsufa a bakin ruwa kuna tsoron agogo."

Malam Bukari bai ko karɓa ba.

"Alhaji, agogon ne ya manta. Jininka bai manta ba. Ba dai a jirgina ba."

Tasi'u ya ɗauki dattijon a bidiyo, ya ɗora, ya rubuta a ƙasa: "Matsoracin Jidda." Mutane suka yi ta tura alamar dariya. Wataƙila har da kai.

Bayan La'asar ya hau wani jirgin da ba su san shi ba. Suka duba agogo, suka ga fes, suka ce bismillah.

A ƙarƙashin ruwa agogon ya yi aikinsa tsakani da Allah. Lissafi ya yi wa mutumin da bai shiga ruwa ba tun safe, don abin da aka gaya masa ke nan.

Da ya fito, yatsun ƙafarsa suka fara zugi kamar ana soka masa allura. Ya ce gajiya ce. Ya tashi zai cire kaya, ƙafafun suka ƙi ɗaukarsa, hannuwan ma suka mutu.

Sau biyar ana sa shi a ɗakin matsin iska na asibiti, inda ake fitar da iskar da ta taru a jini. Hannuwa suka dawo. Daga ƙugu zuwa ƙasa shiru.

Na so in ji tausayinsa, wallahi na so. Sai na tuna fuskar dattijon nan a bidiyo.

Yanzu yana shagonsa a keken guragu, yana buɗe wa mutane waya. Da safe mutum biyu ke ɗaga shi su haye da shi kwatar ƙofar shago.

Agogon kuwa lafiyarsa ƙalau. Yana cikin durowa, har yau bai ɓata ko minti ɗaya ba.

Darasi: In agogon nutso ya ce tsaya, ka tsaya. In ya kulle, ka bar ruwa ka nemi likita, kada ka goge shi, kada ka ari na wani. Iya kashe ƙararrawa ba ya kashe abin da take faɗa maka.

Akwai wani Tasi'u a cikin lambobin wayarka, ka san shi. Tura masa wannan tun yana tafiya da ƙafarsa.