Tagar Mai Gyaran Agogo

Shekara talatin da ɗaya mai gyaran agogo ya yi yana aiki a bakin taga guda, domin idonsa ba ya jure hasken lantarki. Da hukumar tsara gari ta amince a gina bene mai hawa goma sha huɗu a gaban shagonsa, sai ya kasa cin abinci. Ya ɗaukaka ƙara gaban kwamitin sauraron ƙorafi.

"Baban yara, kai da ko musu ba ka iya ba?" in ji matarsa.

Ranar zaman, lauyan kamfanin da zai yi ginin ya baza zane, ya ce inuwar benen ba za ta taɓa shagon ba. Tsohon ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, a wane wata aka auna inuwar nan? Lokacin sanyi rana ƙasa-ƙasa take bi, daidai inda za ku gina."

Lauyan ya yi ta juya takardu. Shugaban kwamitin ya ce a sake awo, a dawo bayan wata uku.

Jinkiri kawai ya samu, kuma ya sani. Yanzu kullum, kafin ya taɓa agogon kowa, sai ya leƙa ko an sauke siminti.