Yadda Na Lalata Karas Ɗin Lakwal

Ni mai sayar da goro ne, kamar babana da kakana. A gidanmu da ke unguwar Ladjifarani a Parakou ba a barin huhun goro ya daɗe a ɗaure. Sai ka kwance shi, ka tsince wanda ƙwaro ya ci, ka yayyafa ruwa, ka sake ganye, ka mayar. Haka na tashi, hannuna bai iya barin abu ya kwanta ba.

Shekarar da 'yata ta shiga aji uku, madam shugabar lakwal ɗinsu, wato makarantarsu, ta tara iyaye. Ta ce akwai fili a bayan azuzuwa, za ta ba mu shi rani ɗaya mu yi lambu. In ya ba da abin sawa a tukunyar abincin yara, ya zauna. In bai bayar ba, malamai sun daɗe suna son wurin don rumfar ajiye babura. Mu shida muka ɗaga hannu. Wasu suka ɗauki alayyafo, wasu tumatir da kuɓewa. Ni na ce a bar mini karas, na cika baki cewa kawuna a Djougou babban mai lambu ne, duk da ban taɓa riƙe fartanya ba.

Na je Djougou na karɓo iri. Kawu ya zaunar da ni yana yi mini bayani, ni kuwa hankalina yana tasha, kada mota ta cika. Abin da na riƙe kawai shi ne a watsa, a rufe sama-sama, a ba ruwa.

Na shuka, sai zama ya gagare ni. Sau uku a yini nake barin rumfata in hau zem, babur ɗin haya, zuwa lakwal. Kwana shida ban ga komai ba, na sa yatsa na tone in ga ko irin yana nan. Da suka tsiro, nan cunkus, can fili, abin ya tsaya mini a rai. Na tuttuge su na jera su layi-layi kamar goro a faifai. Bayan mako uku na sake tuge wasu in ga ko sun fara kauri, na mayar na danne ƙasa. Na yi haka ya fi a ƙirga.

Tsohuwar da ke dafa wa yara abinci, wadda kowa ke kira Iya, tana kallona daga bakin murhu. Wata rana ta ce, "Alhaji, in ka gama gaishe su, ka bar su su huta mana." Na yi dariya, na ce ta kula da tukunyarta.

Ranar tono kuwa kunya ta kama ni. Karas ya fito ƙanana, a murɗe, wani mai ƙafa biyu, wani uku, duk bai cika kwano ba. A gaban madam da malamai na buɗe baki na ce ƙasar wurin ce ba ta da kirki, ba abin da zai yi a cikinta. Allah ya yafe mini, na san ƙarya nake. Iya ta dube ni, ta koma kan tukunyarta. Wani malami ya karɓe zancen, ya ce to ga shi mai lambun da kansa ya faɗa.

Kwana biyu na kasa cin abincin kirki. Na zuba karas ɗin a leda na koma Djougou, wai ko kawu zai ce laifin ƙasa ne in samu abin riƙewa. Ya ɗauki ɗaya, ya juya shi a tafin hannunsa.

"Ɗana, sau nawa ka tuge shi?"

Na ce ban ƙirga ba. Ya ce ai ya gaya mini karas ba ya son a taɓa saiwarsa, inda ya tsiro nan yake girma, amma ranar ina ta duban hanya.

Washegari na iso Parakou na wuce lakwal ko gida ban biya ba. Na tarar an riga an haƙa ramukan ginshiƙai a kan kunyoyina. Na shiga wajen madam na faɗi abin da na yi tun daga farko, na roƙe ta kada ta hukunta mutum biyar saboda hannun mutum ɗaya. Ta ce rumfa za ta tsaya a inda aka fara ta, sauran filin kuma ya zauna lambu, tunda alayyafo da kuɓewa sun shiga tukunya.

Kashi ɗaya cikin uku na lambun ya tafi ke nan saboda ni. Iyayen ba su kore ni ba, amma sun sake mini aiki. Yanzu ni ke ɗebo ruwa daga famfo, in ajiye bokiti a bakin shinge, wani ya karɓa ya shiga da shi. Nakan tsaya can ina leƙe, ƙafata tana son shiga, har a miƙo mini bokitin in koma famfo.