Wayar da Gwaggo Zuhur ta kife da murfin tukunya

Gwaggona Zuhur, yayar mahaifina, shekara arba'in ta yi tana sayar da burodin sha'ir a ƙofar kasuwar garin Sala. Ba ta iya karatu ba, kuma abin bai taɓa damunta ba, don tana da mai karanta mata, wato mijinta Si Larbi, mai kwalekwalen da ke tsallakar da mutane kogi zuwa birnin Rabat. Da hawan jini ya kama ta, shi ya riƙe kwalayen magani. Kullum da safe yana kan kujerarsa ta bakin taga zai ce, "Zuhur, farar ƙwaya tukuna, sannan shayi."

"Na ji, likitan kwalekwale," in ji ta.

Da ya rasu ta sa fararen kayan takaba. Ɗanta Abdulhak ya aiko da waya daga Faransa, ya saita ta ta riƙa kiran sunanta tana tuna mata magani. Muryar namiji ya zaɓa, wai ta fi ƙarfi. Shi dama komai daga nesa yake yanke shi.

Bayan mako guda na same ta zaune tana ganin jiri, ƙafafu a kumbure, ƙwayoyi ba a taɓa su ba. Na yi ta neman wayar, ashe tana kicin, an kife ta da murfin tukunya.

"Gwaggo, mene ne haka?"

"Ina takaba, wani ƙato ya dinga kiran sunana a ɗakin mijina? Ba da ni ba."

"Ai ba mutum ba ne, na'ura ce."

"To na'urar wa ya ba ta izinin shigowa?"

Na yi dariya, amma raina ya ɓaci, don ina tsoron a wayi gari ta faɗi. Har matar liman na kawo ta ce mata babu laifi. Gwaggo ta ba ta shayi da na'ana'a, ta raka ta ƙofa, murfi na nan inda yake. Sai na mayar da muryar ta mace. Washegari ta sha magani. Kafin wata ya ƙare ta raɗa mata suna Baƙuwa, tana tambayarta ko ta karya, tana yi mata faɗa in ta katse ta tana lazimi.

Ranar da wata huɗu da kwana goma suka cika, muka kai ta gidan wanka, ta cire farare. Abdulhak ya bugo ya ce tunda an fita takaba a mayar da muryar namijin, kunnenta ya yi nauyi. Na ɗauki wayar zan taɓa, ta riƙe mini hannu.

"Bar mini Baƙuwata, 'yar nan."

"Ai yanzu ya halatta, Gwaggo."

Ta daɗe tana kallon kujerar bakin taga.

"Tun can ma na san halal ne, ba sai matar liman ta faɗa ba. In namijin ya ce Zuhur, sai in juya in ce na ji. Sau bakwai na juya, babu kowa a kujerar."

Na ajiye wayar, na tashi na zuba mata shayi, don kada ta ga idona.