Na Ce 'Yata Ta Iya Karatu

Edita, ina gaisuwa. A shekarun da zan ba da labarinsu ni matar soja ce a Zuru, da 'ya'ya uku, maigidana yana bakin aiki can Arewa maso Gabas, sai a yi wata da watanni ba mu sa shi a ido ba. Ina sayar da dawa da wake a kasuwa, da damina kuma in noma gonar surukata da ke hanyar Ribah. Amma abin da aka fi sanina da shi shi ne baki. A zumuntar mata ta cocinmu ni ce mai ba da waƙa, in ana taro aka rasa mai miƙewa ni ake zunguri. Ban wuce aji huɗu na firamare ba, karatuna na tsintar harafi ne ɗaya bayan ɗaya, sai dai ba wanda ya sani, don in na buɗe baki sai ka rantse na yi kwaleji. Kuma ina son yabo, wannan ba zan ɓoye ba.

Babbar 'yata tana aji uku wata ƙungiya ta kawo shiri makarantarsu, don a jawo iyaye cikin karatun 'ya'yansu. Aka ba kowane yaro ƙaramin littafin labari na Hausa da wani kati mai gida-gida, kowace rana da gidanta. Aka ce kullum da yamma uwa ko uba ko kaka su zauna yaro ya karanta musu ko da layi biyu ne, sannan a sa alama a gidan ranar, ran Litinin malama ta duba. Sau ɗaya tak na gwada. Yarinyar ta nuna mini wata doguwar kalma ta ce in faɗa mata, na tsaya ina haɗa baƙi da wasali tana kallon bakina, kunya ta lulluɓe ni, sai na daka mata tsawa na ce ba ta ga tukunya na kan wuta ba. Daga ranar ban sake zama ba. Dabarar da na ɓullo da ita ita ce, ran Lahadi in mun taso daga coci in ɗauki biro in cike gidajen mako gaba ɗaya. Har biro nake sauyawa, wannan shuɗi wancan baƙi, don kada a gane zama ɗaya aka yi.

Da shekara ta zo ƙarshe hedimasta ya aiko a kira ni. Ya ce masu tantance shirin za su zo daga Birnin Kebbi su ga ko abin yana aiki, ga katin yawancin iyaye wayam, wasu kuma sun fi sakewa da Dakarci a kan Hausa, ni ce katina cike kuma ga baki, don haka in taimaka in fitar da makaranta kunya. Bawan Allahn nan bai san komai ba, kati ya gani ya yarda. Kaina ya kumbura. Na dawo gida na ce wa yarinyar ta ɗauko littafin, sai ta zuba mini shi tiryan-tiryan daga farko har ƙarshe. Har na fara murna, sai na lura idonta ba ya kan takarda, yana kan kaji a tsakar gida. Na sa yatsa a kan wata kalma a tsakiyar shafi na ce mece ce wannan, ta kasa faɗa. Ashe kunnena ta gado. Malama ta karanta musu a aji, ita kuma ta haddace kamar waƙar coci. Da uwa mai hankali ce, washegari da sassafe za ta nufi makaranta. Ni kuwa zaunar da ita na yi na koya mata ta riƙa bin layi da yatsa, ta riƙa ɗan tsayawa nan da can kamar mai tunani.

Ranar da baƙin suka zo, mata biyu da namiji ɗaya, na miƙe na yi jawabi a kan yadda ba na kwanciya sai na ji karatun 'yata. Aka kira ta, ta bi layi da yatsa, aka yi ta tafi. Bayan an tashi ɗaya daga cikin matan, wata mai sanyin murya, ta ja ni wani aji da ba kowa. Ta ce ita ma uwa ce, ta san yamma lokacin aiki ne, ko akwai ranakun da nake kasa zama, ko akwai abin da ke mini wuya a littafin. Ta ce ba kama kowa suka zo yi ba, so suke su san inda za su sa hannu. Allah ya sani gaskiyar ta zo har bakina. Na haɗiye, na yi dariya na ce babu komai.

Abin da ya biyo baya shi ne ya ɗaure ni. Da suka koma suka duba abin da suka tattara, sai suka buɗe ajin ƙari bayan an tashi makaranta, domin yaran da katinsu ke wayam, da malama ta musamman da ke farawa da su daga harafin farko. Iyayen da ba su iya karatu ba kuma aka ce musu ba laifi, su zauna kawai su saurara, ko su sa yaro ya ba su labarin hoton. Sunan 'yata ba ya cikin jerin, me za ta je yi, ai ita ce zakara. Ni kuma aka naɗa ni shugabar iyaye mata, aka manna hotona a ofishin hedimasta, ana ɗora ni a kabu-kabu zuwa Mahuta da Bena in je in yi wa mata huɗuba. Har maƙwabciyata na tsare a bakin rijiya na yi mata tas a kan katinta da ba alama ko ɗaya. Bayan 'yan watanni sai ga 'yarta tana karanta allunan shaguna a kasuwa tana wucewa, tawa tana biye da ita kai a sunkuye.

Sau uku ina zuwa ofishin hedimasta da niyyar in faɗi gaskiya. Ina shiga sai ya miƙe yana kirana uwar makaranta, ga hotona a bayansa ina washe baki, sai in ce gaisuwa ce ta kawo ni. Maigidana in ya bugo waya cewa yake a ba shi 'yar boko ta karanta masa, ya sa a amsa-kuwwa abokan aikinsa su ji, ita kuma ta zuba musu hadda. Malamar ajinsu ta taɓa tare ni cikin ladabi ta ce aikin da yarinyar ke rubutawa bai yi daidai da karatun da take yi ba, ko zan bari a ɗan gwada ta. Na hau ta da faɗa a gaban yara, na ce ni da nake zama da ita kullum za a gaya wa 'yata, har sai da ta ba ni haƙuri. Yarinyar ta fara ciwon ciki duk safiyar makaranta, ta daina waƙa a gida. Wata rana tana taya ni tsintar wake ta ce, a hankali, ko zan bari ta riƙa tsayawa a bakin tagar ajin ƙarin, ba sai ta shiga ba, daga waje ma za ta ji. Na ce mata in ta kuskura na ji an gan ta a wurin, sai na saɓa mata. Duk cikin abin da na aikata wannan ne ya fi ci mini rai.

Tana aji biyar masu tantancewa suka dawo zuwa na ƙarshe, don shirin zai rufe. Wannan karon ba littafin yara suka yi amfani da shi ba, da tasu takardar suka zo, sabuwa, da labarin da ba wanda ya taɓa ji. Hedimasta da kansa ya ce a fara da 'yata don a buɗe da sa'a. Ina zaune a benci na gaba. Aka miƙa mata takardar, ta dube ta, ta ɗago ta dube ni, sannan ta sa yatsa a layin farko ta fara zuba labarin tsohon littafin nan na aji uku, tana ɗan tsayawa nan da can kamar yadda na koya mata. Wasu yara suka fara ƙunshe dariya. Ko a nan ban saduda ba, na miƙe na ce zazzaɓi ta kwana da shi. Matar nan mai sanyin murya ta karɓi takardar, ta dafa kafaɗar yarinyar ta ce mata an gode, ta iya komawa ta zauna. Ba ta ko kalle ni ba.

Muka kama hanyar gida har muka kusa ƙofa. Nan yarinyar ta tambaye ni ko yatsan ne ba ta sa daidai ba, ta ce in yi haƙuri, gobe za ta gyara. Na zauna a bakin hanya na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar uwata.

Washegari na sami matar kafin su tafi na zayyana mata komai. Ba ta zage ni ba, da ma zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce katin da aka bari wayam shi ne ya fi musu amfani, don shi ke nuna musu gidan da za su ƙwanƙwasa, nawa kuwa rufe musu ƙofa ya yi. Ta ce ajin ƙarin tare da shirin zai tashi, ba abin da ya rage a hannunta. Maigidana da na gaya masa a waya, cewa kawai ya yi in ba yarinyar wayar. Malamar da na yi wa rashin kunya ita na je na durƙusa wa, ta karɓi yarinyar tana koya mata a gidanta. Sai da ta maimaita aji, sa'o'inta suka wuce ta, har ƙanwarta ta kusa kamo ta. Yanzu muna zama tare da yamma, ni da ita, muna tsintar haruffa, in na kakare ita ke ɗaga ni.

Abin da na koya shi ne, mutanen nan masu zuwa da takarda suna tambayar iyaye ba jarrabawa suke yi mana ba, kuma ba abin da za su iya gani sai abin da muka nuna musu. Iyaye 'yan'uwana, in ba ku zauna ba ku bar gidan ranar wayam, in ba ku iya karatu ba ku faɗa, kunyar ta yini ɗaya ce. Malamai da masu shirya irin wannan abu, kada ku tsaya ga mai baki irina, ku nemi uwar da ke can baya ta yi shiru, kuma ku miƙa wa yaro takardar da bai taɓa gani ba tun zuwan farko. 'Yata ta iya karatu yanzu, a hankali, amma na gaske. Sai dai har yau in ta kai ƙarshen shafi na ce mata ta yi ƙoƙari, takan tsura mini ido ta tambaye ni ko da gaske nake, ko dai faɗa kawai nake yi.