Inuwar La'asar a Zauren Shagari

Shekarun baya, idan aka ba ni aikin zane, inuwa ce ke cinye mini lokaci. Fitar da surar abu ba ta ba ni wahala, amma a ce bango ya yi kauri, ko ƙofa ta yi zurfi, nan ne zan duƙa kwana da kwanaki. Na koyi aikin ne a wata maɗaba'a a Sudan, wurin wani dattijo da bai yarda da buroshi ba sai don shafa launi. A wurinsa inuwa layi ce: ka ja siririn layi da alƙalamin ƙarfe, ka ja wani kusa da shi, ka gitta wasu a kansu, har wurin ya yi duhu. Matasan yanzu suna yin wannan a waya da ɗan yatsa. Mu kuwa da wuyanmu da idonmu muka biya.

Ban rasa ganin wasu hanyoyin ba. Na taɓa tsayawa a wata kasuwa a ƙasar Sin ina kallon wani tsoho yana zana dutse da buroshi da ruwa, kafin shayina ya huce ya gama. A Yamai ma na zauna da masu zanen da suka yi karatu da Faransanci, suna da sunan da suke kiran irin wannan aikin da shi. Na iya sunan, na iya faɗinsa da kyau, amma a raina na ajiye shi a matsayin aikin ragwaye.

Wata shekara, gab da faɗuwar damina, ina gida Bodinga, sai wani abokina ya zo mini da damuwa. Tare muka yi firamare, shi ya tsaya kan fataucin albasa, ni na bi duniya. Mahaifiyarsa tana Shagari, a gidan marigayi mahaifinsa, ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni. Zauren gidan ginin ƙasa ne, ya tsage tun daminar bara, an tokare shi da azara, kuma ɗakinta a jikinsa yake. Magina sun duba sun ce ba zai ga ƙarshen wata daminar ba, a rushe shi tun bai faɗo wa mutum ba. Abokina ya gyara mata ɗaki a gidansa na Bodinga, ta ce ba inda za ta.

Ya ɗauki hoton zauren ya kai aka wanke masa babba, ko za ta haƙura ta tafi da shi. Ta sa aka gaya mata abin da ke ciki, ta ji akwai tsaguwar, akwai azarar, kuma zankon da ya karye babu shi. Ta ce wannan ba shi ne zauren da aka shigo da ita ta cikinsa ba. Daga ƙarshe ta ce idan an samu mai mayar mata da shi a takarda yadda yake a da, za ta tashi. Abokina ya ce mini tunda na ƙi koyon sana'ar kirki, ga ranar da tawa za ta yi amfani.

Na kwashi kayana muka tafi Shagari. Na gaishe ta, ta tambayi lafiyar mahaifiyata da ta rasu tun tuni, sannan ta tuna, ta yi mata addu'a. Ta kwatanta mini zankwayen, da dakalin da ruwa ya cinye, da bishiyar dogon yaro da aka sare. Na kafa kujerata a gaban zauren, ƙofarsa tana kallon gabas, na shiga aiki yadda na saba. Kullum da safe nake zama, saboda lokacin haske ya fi kyau a fuskar ginin. Da yamma kuwa sai hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi, iska ta watsa shi. Abokina ya dubi sama, ya dube ni, ya tambaya ko a Sudan ɗin ba a koya mana sauri ba.

Kusan mako na yi. Da na gama, ni kaina na yaba wa kaina, don ban taɓa jera layuka masu kyau irin waɗannan ba. Muka kai mata. Ta kawo takardar kusa da fuskarta, ta nisanta ta, ta juya ta gefe.

"Wanga mi na na, ɗana? Asabari ka zana mani?"

Abokina ya juya baya yana tari. Layukan da na ɓata mako ina jerawa, idonta bai haɗa su sun zama inuwa ba. Saƙa kawai take gani. Ta miƙo mini takardar cikin ladabi, ta ce Allah ya yi albarka, ta koma ɗakinta, ɗakin nan da ke jikin bangon da ya tsage.

Ga shi kuma tawadata ta ƙare. Irin ta kwalba ce da nake sayowa daga waje, wadda idan ta bushe ruwa ba ya taɓa ta, kuma ko a Sakkwato ba kullum ake samunta ba. Abokina ya shiga wurin wani malami maƙwabcinsu ya karɓo mini kurtun tawadar allo, ta gawayi da ƙaro, da alƙalamin kara. Na karɓa ba don raina ya so ba. Na yi niyyar in sake zanen da layuka masu kauri, ko za ta gani.

Washegari da hantsi na fitar da surar zauren da wannan tawadar. Ta bushe nan da nan. Na jiƙa buroshi da launin jar ƙasa zan shafa wa bangon, kamar yadda nake yi a kan tawadar kwalba. Buroshin na taɓa layin ƙofa sai layin ya narke, baƙin ya bi ruwan ya bazu. Na yi salati. Abokina ya leƙo, ya ga abin da ya faru, ya zauna a ƙasa don dariya.

"Kai da ka wanke allo da hannunka har ka girma," in ji shi, "ka tahi yawon duniya ka mance tawadarmu don a wanke ta aka yi ta?"

Na ɗauki takardar zan yaga, sai na tsaya. Inda baƙin ya bazu, daga bakin ƙofar zuwa ciki, ya yi duhu a jikin layin, ya yi ta raguwa har ya ɓace. Ƙofar ta yi zurfi, kamar mutum zai sa kai ya shiga. Abin da nake nema da ɗaruruwan layuka ke nan, ga shi ruwa ya yi shi da shafa ɗaya.

Na ɗauko sabuwar takarda na juya tsarin aikin. Launi na fara shafawa, na bar shi ya bushe. Sannan na zana da tawada, na kaurara layi a gefen da rana ba ta bugawa, na bar shi siriri a gefen haske. Sai na wanke buroshi, na jiƙa shi da ruwa zalla, na riƙa jawo baƙin daga layin zuwa inda nake son inuwa. Inda ya yi yawa in danna tsumma ya tsotse. Zafin garin ya koya mini in riƙa bi kaɗan-kaɗan, don in na jiƙa wuri mai faɗi, kafin in kai ƙarshensa farkon ya bushe ya bar tabo. Ban nemi duhu iri-iri ba: farin takarda, da toka-toka, da baƙi. Kafin azahar na gama.

Wannan karon ba ta juya takardar ba. Ta ɗora yatsa a kan zanko, ta gangaro da shi zuwa ƙofa, ta daɗe a nan. Abokina ya fara murmushi. Sai ta sauko da yatsan zuwa filin da ke gaban ƙofar, inda na bari fari fat.

"Awo, shi na. Amma rana ta cika ƙofa. Babanku ba ya nan da hantsi, yana gona. Da la'asar yaka zama, in inuwa ta sauko. Nan ina zai zauna?"

Da a kan tsohuwar hanyata nake, da wannan maganar ta kashe aikin. Inuwar la'asar a ginin da ke kallon gabas tana rufe fuskarsa gaba ɗaya, ta kwanta a ƙasa ta miƙe. A cika wannan da layuka, wani makon ne, kuma hadarin ranar ya fara haɗuwa tun da wuri. Abokina ya buɗe baki zai lallashe ta, na ce ya bari. Na ce, "Inna, a ba ni zuwa magariba."

Muka yi sallar la'asar, na koma kujerata. Duk zamana a garin ban taɓa kallon zauren a wannan lokacin da idon aiki ba. Na ga yadda inuwar ta sauko daga bango, ta haye inda dakalin yake a da, ta tsallaka har tsakiyar hanya. Na shafa launi, na zana, na tsoma babban buroshi a tawadar da na sirka da ruwa a murfin kwano, na rufe fuskar ginin da shafa biyu, na ja ta ƙasa. Kan zankwaye kawai na bar wa haske. Ban zana mutum ba, ba ta ce in zana ba. Na dai mayar da dakalin, na shimfiɗa buzu a kansa.

Ta karɓa a tsakar gida, da sauran haske. Ta dube shi. Ta kira matar da ke kwana da ita ta ce a ɗaure mata kwanukanta, a bar na tuwon dare a waje. Da safe muka sa ta a mota, takardar tana kan cinyarta, ta hana a saka ta cikin kaya. Magina suka shiga a ranar. Ruwan farko ya sauka cikin makon, ya tarar da fili.

Na sa aka yi wa zanen gilashi, don tawadar allo ba ta shiri da laima. Ta rayu shekaru a Bodinga yana rataye inda take sallah. Abokina har yau idan ya gabatar da ni ga baƙi, cewa yake ga mai saƙa asabari.

Ban yar da alƙalamin ƙarfe ba, akwai aikin da sai shi. Amma na gane cewa wahalar da na sha a kan zane ba ta shafi mai kallo ba, shi abin da idonsa ya ba shi kawai ya sani. Tun daga wannan aikin da ruwa nake yin inuwa, abin da ke cin mako ya koma na yini. Kuma duk wanda ya kawo mini aikin gida ko wani wuri da ya sani, kafin in jiƙa buroshi sai na tambaye shi da wane lokaci na rana yake tuna wurin.