Ladan Jinya

Da kakarmu ta wajen uba ta samu shanyewar ɓarin jiki, 'ya'yanta maza suka zauna a zaure suka yanke cewa a kawo ta gidanmu na Tudun Wada. Babu wanda ya leƙa ciki ya tambayi Mama. Ita ce dai mai ɗagawa da kwantarwa, mai wanka, mai wankin zannuwan kashi da fitsari, ga girkin gida da yake kanta tun asali. Baba kuwa iyakar jinyarsa ya tsaya a bakin ƙofa da safe ya ce, "Hajiya, ya jiki?" yana kare hanci da hannun riga. Ƙanensa na Hanwa yakan zo ran Juma'a da ledar lemo, ya ɗauki hoto da tsohuwa ya tafi.

Abu ɗaya Mama take so, ta koma koyarwa, aikin da ta ajiye saboda renonmu. Wata firamare a unguwar Kongo ta kira ta ganawar ɗaukar aiki. Ni ina da jarrabawa ranar, sai ta roƙi Baba ya zauna da mahaifiyarsa na safiya ɗaya. Ya amsa da ƙyar, kamar an roƙe shi gona.

Tana kan layin ganawar ya kira ta a waya, wai tsohuwa ta ɓata shimfiɗa.

"Ki dawo yanzu," in ji shi. "Ni namiji ne, ba zan ga tsiraicin uwata ba."

Wai kunya. Kunyar ba ta hana shi barin uwar tasa cikin ƙazanta ya koma zaure ya kunna rediyo ba. Mama ta hau keke mai ƙafa uku ta dawo, aka ba wata aikin.

Ranar da kaka ta rasu, maza suka cika tabarmi a ƙofar gida. Duk wanda ya zo sai ya kama hannun Baba ya ce, "Allah ya ba da ladan jinya, Malam." Shi kuma ya sunkuyar da kai yana amin, har da share ido. Har yau in na tuna sai na ji ƙyama. Mama tana ciki tana tuƙa musu tuwo.

Na fito da kwanuka, sai na ji wani abokinsa yana tambaya ko Mama ta samu aikin nan.

"Ina fa," in ji Baba yana buɗe kwano. "Ka san halin mata. Ba ta son wahala, ta fi jin daɗin zaman gida."